Kina Jin Magana?

Shekarar da aka fara shari'a a jiharmu, ni kuma aka turo ni gida Daura daga asibitin koyarwa in yi bincike. Likitar ƙwaƙwalwa ce ni, kuma ciwon da nake bi shi ne irin taɓin hankalin da ke sa mutum jin muryoyin da babu masu su. Tambayar ita ce: maza ya fi kamawa ko mata? Ƙarin girmana yana rataye a kan wannan bincike, saboda haka na ɗauki abin da zafi.

Da Turanci tambayoyin binciken suka zo, na juya su Hausa da kaina. Wa zai koya mini yaren uwata? Babbar cikinsu na rubuta ta haka: "Kina jin magana ko da ba kowa a wurin?"

A asibitin gari, mata a benci ɗaya cikin sababbin hijabai, maza a wancan. Kusan duk wadda na tambaya sai ta saci kallon ƙofa, inda maigida yake tsaye, ta ce, "Ƙwarai kuwa, Likita. Tun ina yarinya." Maza kuwa sai su harare ni: "Maganar wa?"

Kai, na ji daɗi! Na ga kusan duk matan masarautar nan suna da ciwon, maza garau. Har na fara gwada yadda zan tsaya gaban manyan malamaina.

Ran nan ina karanta wa goggona sakamakon, tana tsince wake. Ta ce, "Maimaita mini tambayar, 'yar nan." Na maimaita. Dariya ta kama ta har waken ya zube.

"Boko ya cinye miki kai! Kin tambayi matar aure ko tana biyayya a bayan idon mijinta, shi kuma yana bakin ƙofa, ga wa'azi kullum a rediyo. Me kike so ta ce?"

Wallahi kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Aikin wata da watanni ya zama na kunna murhu.

Ina cikin juya takardun sai na tsaya a kan ɗaya. Wata mata ce daga wajen Sandamu, ita kaɗai ta ce a'a. Na tuna ta ƙara wata magana ƙasa-ƙasa, ni kuwa na riga na rubuta "lafiyarta ƙalau", ina kiran ta gaba. Abin da ta ce shi ne, "Ba na ji. Kullum suna cewa in faɗa rijiya, ni kuwa na ƙi."

Na bar zancen ƙarin girma, na hau motar haya da safe, ina addu'a duk hanya.

Na same ta tana surfen gero, rijiyar tana tsakar gidan, ba ko murfi. Bayan mun gaisa na zauna kusa da ita na ce, "Yaya, akwai masu yi miki magana ba kya ganinsu?"

Ta jingine taɓarya, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ai na faɗa miki tun ranar, Likita. Ke ce ba kya jin magana."