Magaribar da Na Bar Baba a Garin Fitilu

Ana kiran assalatu muka bar unguwar Al Thumama, ni da maigidana da mahaifinsa. Ga wanda bai sani ba, ni direban gida ne a Doha, shekara huɗu ke nan ina hannun kafil ɗaya, wato maigidan da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar. Amma wannan karon ba tuƙi aka tafi da ni in yi ba. Baba, wato mahaifin maigida, ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa, ga ciwon suga, kuma ya kafe ba mai tura masa keke sai ni. Da abokaina na unguwar Mu'aither suka ji Vietnam za ni, wani ɗan Kumasi cewa ya yi in taho masa da tsarabar maciji.

Jirgi biyu muka hau kafin mu sauka Da Nang, daga nan mota ta kwashe mu zuwa Hoi An, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Titi sumul, gonakin shinkafa kore shar. Babura kuwa, Kano ta zamanin acaɓa albarka! Na ga mutum biyar a kan babur ɗaya, na ga wata ta ɗauro firiji a baya tana ta sharara gudu. Ni da nake taƙama da tuƙi sai da na ƙanƙame kujera. Kuɗinsu ma abin tsoro ne. Aka ce mini kofi ɗaya dubu talatin, na kusa mayar musu da abinsu, sai maigida ya yi dariya ya ce bai kai riyal biyar ba. Abinci kuma sai ka yi da gaske, don alade har a miya. Shinkafa da kifi da burodi su suka riƙe ni.

Abin da ya kawo Baba shi ne bikin fitilu da suke yi duk ranar sha huɗu ga wata. Tsohon garin gidaje ne masu launin rawaya, rufin jan tayil, lunguna matsattsu, kuma mota ba ta shiga. Ko'ina an rataye fitilun yadi da aka ɗinka a kan gora, ja da shuɗi da ruwan ƙwai.

Ranar bikin, kafin mu fito daga masauki maigida ya yi wa Baba allurarsa ta suga, wadda ba ta son a jinkirta cin abinci bayanta. Ya miƙo mini jaka mai dabino da lemo, ya ce, “In ka ga yana gumi, ba shi nan take.” Muka tsaya ƙofar wata mai shayi, shi kuma ya nufi bakin kogi ya kama mana wuri a gidan abinci, ya nemo kwale-kwalen da zai ɗauki keke. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce kada in matsa daga nan.

Sai rana ta faɗi. Ni kuwa a gidanmu ba a wasa da Magariba, jikina ya saba, lokacinta na yi sai in ji kamar ana tsunkulina. Na duba Baba yana gyangyaɗi. Na ce a raina minti biyar ne. Na ɗaga kai na shaida wurin yadda nake yi a Doha: ga wani koren allo na lantarki a saman shagon, daga nesa ma za a hango shi. Na nufi mafaɗar rana, don can alƙiblarsu take, na karya lungu ɗaya, na karya na biyu, na samu bayan wata katanga na yi alwala da ruwan gora.

Ina zaman tahiya aka ɗauke wuta. Ba lalacewa ta yi ba, ashe al'adar bikin ke nan: a kashe lantarkin tsohon gari gaba ɗaya, a bar fitilun yadi da farin wata. Jama'a suka ɗauki shewa. Ni kuwa ina sallamewa na ji nauyin abu a bayana. Jakar dabinon ce.

Innalillahi! Na fito a guje. Babu koren allo, babu kowane allo. Kowane lungu katanga rawaya, kowace ƙofa jar fitila. Wayata ba layi, sai intanet ɗin masauki nake kamawa. Mutane kuma sun cika titi maƙil, ba masaka tsinke, kowa ya ɗaga waya yana hoto. Na tari wani mai keken haya, na nuna masa gemu da hannu, na kwaikwayi tura keke. Bawan Allah ya washe baki ya kakkaɓe mini kujera, wai in hau. Masu sayar da kyandir a kwandon takarda suna ta jan rigata. Wallahi ban taɓa ganin wuri mai kyau haka ba, kuma ban taɓa tsanar wuri haka ba. Abu ɗaya nake gani a idona: tsoho yana karkarwa a kan keke, ba ya jin yaren kowa, maganinsa yana goye a bayana.

Na yi ta zagaye har na gane gada ɗaya na wuce sau biyu. Na tsaya na dafe katanga. Da na ɗaga kai sai ga wata ya fito a kan rufin gidaje, cikakke. A nan hankalina ya dawo. Watan sha huɗu daga gabas yake fitowa, ni kuwa yamma na yi da zan bar Baba. Na sa wata a goshina na bi titin farko har ƙarshe, babu. Na koma na biyu.

Na gane shagon da tukunyar shayinta. Amma inda na ajiye keken, wani ɗan tebur ne da turaren tsinke da ayaba da furanni, irin wanda kowane gida ke fitarwa a daren. Babu Baba.

Sai na ji an damƙi hannuna. Mai shayin ce, 'yar tsamurmurar dattijuwa, tana zazzaga mini faɗa da yarenta. Ta ja ni ciki. Ga Baba, jallabiyarsa sharkaf da gumi, da kofin ruwan rake a hannunsa, na biyu ke nan. Matar ta karkaɗa hannuwanta ta nuna mini yadda ta gan shi yana rawa, ta nuna hoton wata tsohuwa a bango, na fahimci uwarta ma ciwon ta yi. Sannan ta ɗaka mini duka biyu a dantse. Ban kauce ba.

Baba ya dube ni, muryarsa ƙasa-ƙasa. “Ina ka je?”

“Salla, Baba.”

“Kai ba matafiyi ba ne? Ubangiji ya yi maka rangwame ka haɗa ta da Isha, ka ƙi karɓa, ka bar tsoho a titi.”

Na durƙusa gaban keken, hawaye suka zubo mini. Da maigida ya dawo ban jira ya tambaya ba, na faɗa masa komai. Mun ci abinci, mun shiga kwale-kwale, kyandirori suna ta wuce mu a kan ruwa, Baba yana ta masha Allah. Ni kam ban ga komai ba.

Kwana biyu maigida bai yi mini magana ba, har na fara tunanin yadda zan gaya wa iyalina an sallame ni. Sai da muka sauka Doha ya jefo mini makullin mota, ya ce, “Yalla, mu je. Baba ya ce khalas, magana ta wuce.”

To jama'a, na dawo lafiya, kuma ga abin da na taho da shi. Hukuncin haɗa salla a tafiya na san shi sarai, sabo ne ya rinjaye ni, na ɗauka tsoron Allah ne. Amanar da na yar a titi, matar da ba ta san alƙibla ba ita ta tsince ta. Har yau ban san sunanta ba, ko na gode ban iya ce mata da yarenta ba.