Wayar da ke shigowa duk Juma'a

Aikin farko yau: buɗe shago, ta da janareta.

Ban kai ga janaretan ba. Matar Bukar ta kira ni daga unguwar Karewa, ta ce, "Hamma, abokinka ya tafi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ciwon da muke ta cewa zazzaɓi ne kawai.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Bukar mai haɗa shafukan intanet ne. Ni buga takardu da fotokwafi nake yi a Jimeta, teburinsa yana kusurwar shagona. Shi ya koya min ɗan abin da na iya. In na yi kuskure, sai kwastoma ya fita yake gyara min.

Shekarar da mutane suka gudo suka cika Yola, danginsa sun iso daga Borno, ban da ƙanensa Modu. Sai Bukar ya haɗa shafin cigiyar waɗanda suka ɓace. Ba hoto, ba ado, rubutu zalla, don ya buɗe a burauzar ƙananan wayoyi masu maɓalli, wato manhajarsu ta shiga intanet. Lokacin irinsu ne a hannun yawancin masu gudun hijira.

Yanzu kowa ya koma babbar waya da sabuwar burauza. Yakan nuna min a kwamfuta yadda masu shigowa da tsohuwar suke raguwa. Abokan sana'arsa suna tsokanarsa: "Oga, wa ya rage da wannan wayar, kakarka? Ka sabunta shafin mana!" Sai ya yi murmushi kawai.

Ni ya gaya wa dalili. Saura waya ɗaya. Duk Juma'a tana shigowa, ta buɗe inda sunan Modu yake, ta fita. Ba saƙo, ba kira.

Ya ce, "Irin wadda na saya masa ce."

Na ce, "Bukar, irinta fa sun cika kasuwa a lokacin."

"Na sani, Hamma. To in shi ne fa, ya zo ya tarar shafin ba ya buɗewa?"

Ganina da shi na ƙarshe, yana kwance a gida, ya miƙo min tsohuwar wayar da yake gwaji da ita, an ɗaure bayanta da roba. Ya ce duk abin da na taɓa a shafin, in gwada a kanta tukuna. Na ce ni da na tsaya a sakandare? Ya yi dariya har da tari. "Kai da ba ka buga takarda sai ka karanta ta ka sake karantawa? Kai nake so ka riƙe shafin."

Yau Juma'a. Da muka dawo daga jana'iza na kunna kwamfutarsa na duba.

Wayar nan ta shigo. Muna maƙabarta ta shigo.

Ban sani ba ko Modu ne. Ban ma sani ba ko zan iya riƙon shafin nan.

Allah Ya jiƙan Bukar, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, ya haɗa da mai wayar nan, ko wane ne.

Gobe, in Allah Ya kai mu:

Kai wa matarsa hularsa da ya bari a shago.
Nemo wa tsohuwar wayar caja mai siririn baki.
Rubuta a ƙarƙashin sunan Modu cewa yayansa ya rasu. Ko kada in rubuta. Ina da lokaci zuwa Juma'a mai zuwa.