Kwarkwaron Yaya a Gidan Doki

Wana tela ne a unguwar Dabokpa cikin Tamale, kuma shi ya koya mini darar Turawa, wadda ake kira ces. Wani malamin makaranta ya bar masa allon da 'ya'yan wasan. Ba a daɗe ba baƙin doki ɗaya ya ɓace. Yaya bai damu ba, ya ɗauko kwarkwaron zare daga keken ɗinkinsa ya dasa a gidan dokin. Da yake mutum ne da ba ya barin abu yadda ya same shi, sai ya ce kwarkwaro ba doki ba ne, dole ya yi tasa tafiyar. Doki gida biyu yake tsallakewa ya karkata ɗaya, to kwarkwaro zai tsallake uku ya karkata ɗaya.

Daga nan gardama ta kafu, har muka yi furfura ba ta mutu ba. Kowa ya yarda darajar doki ta kai soja uku. Ni na ce kwarkwaro bai wuce biyu ba, domin na lura in ya fara a baƙin gida, a baƙi zai ƙare, rabin allon haramun ne a gare shi. Yaya ya ce huɗu ne cur, don yana dirar wa mutum daga inda bai zata ba. Mun gwada ta kowace hanya. Mu musanya gefe, mu cire soja, mu ƙara soja. In ya ci ni, darajar kwarkwaro ce ta fito. In na ci shi, wai masu karɓar ɗinki ne suka raba masa hankali. Ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba, sai dai ko ni.

Bara ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Babban ɗansa, wanda ke aiki a Kumasi, ya zo ya ce zai tafi da shi, tunda ba ya gane kowa, duk inda aka kwantar da shi ɗaya ne. Raina ya ɓaci. Na ce ubansa na nan a ciki, bakin ne kawai ya rufe, kuma raba shi da Tamale kashe shi ne. Yaron yana da ladabi, ya saurare ni har na gama.

"Baba ƙarami, nuna mini ya san ka, in bar shi," ya ce.

Washegari da la'asar na hau yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, daga unguwarmu Choggu da allon a hammata. Aka jingina Yaya da filo. Na jera wasan a kan tabarma, na bar gida ɗaya a gefensa babu komai, sannan na miƙa masa tafin hannuna, doki da kwarkwaro a kai, ya zaɓi wanda zai cike gidan da shi, yadda muka saba kafin kowane wasa. Ɗan yana tsaye a bakin ƙofa.

Ya daɗe yana kallo. Can hannunsa na hagu ya taso, ya wuce dokin, ya ɗauki kwarkwaron. Wallahi sai da na ji kamar in tashi in taka rawa. Na matso masa da allon, na nuna gidan da yatsa.

"Sa shi nan, Yaya. Na yarda, huɗu ne."

Ban taɓa faɗar haka ba, kuma na san in yana ji, ko da rabin baki sai ya yi mini dariyar mugunta. Bai ko dubi allon ba. Ya juya kwarkwaron, ya hura ramin. Sai ya kamo wani zare da ya zazzago daga bakin rigata, ya danne kwarkwaron da gwiwa, ya fara naɗewa a hankali. Da gwiwar ta goce, ta ture sarki da sojojin, bai waiwaya ba. Ya ɗago ya dube ni da fara'ar da yake yi wa baƙon da ya kawo ɗinki.

Na zauna ina kallo yana warware mini riga, na kasa hana shi. Zuciyata ta karye, har yau ba ta koma daidai ba. Yaron na nan a bakin ƙofa. Ban iya kallonsa ba, na ce ya nemi mota wadda za a iya kwantar da mutum a ciki, hanyar Kumasi da nisa.