Goggon Albashi da Sunayen Mamata

A ofishinmu na akantoci, Goggon Albashi muke kiranta, don ita ke shirya albashin ma'aikatan kamfanonin da muke yi wa aiki, tun zamanin kwamfuta mai ƙeya, wato mai ƙaton baya. Teburinta na jikin taga, tabarau a kan karan hanci, ba ta son hira a bakin aiki.

Da maigidanmu ya sayo sabuwar manhaja, aka ce a kwashe bayanan kowa a zuba a ciki, ban da ma'aikatan da suka rasu. Injiniyan da ya zo haɗa mana ya nuna mata maɓalli guda. "Goggo, danna nan kawai, duk su goge lokaci ɗaya."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Ɗan nan, shara ce? Mutanen da na yi shekaru ina rubuta sunayensu duk wata?"

Haka ta riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya: direba, masinja, mai gadi. Ta kira suna, ta ce "Allah ya jiƙanka," sannan ta goge. Maigida ya yi ta mitar ɓata lokaci, ko a jikinta.

Bara Goggo ta rasu, aikinta ya dawo hannuna. Da na zo cire ta daga jerin ma'aikatanmu, manhajar ta tambaye ni ko na tabbata. Na ɗauke hannuna daga kan maɓallin, na kira sunanta tukuna.