Fatar Gada a Sirdin Keke

Ni mai komo ne, ko in ce na taɓa zama. Komo yayan garaya ne. Tsarkiya biyu gare shi kamar ita, amma cikinsa babban duma ne, muryarsa kuma ƙasa take bi. Garaya ke surutu a sama, ita ake juyawa a kalla. Komo ba a kallonsa. Aikinsa ya riƙe gindin kiɗa, kuma ba a sanin yana nan sai ya yi shiru, sannan masu rawa su ji ƙafarsu ta ɓace musu.

Mu uku muke yawo a shekarun da ake haƙar kuza a Riruwai, kafin mulkin kai. Akwai maigidanmu, mutumin Yako, mai garaya da waƙa, wanda ake kai wa goron gayyata. Akwai taubashina mai kaɗa gora, wato caki, wanda bakinsa ba ya hutawa. Sai ni, daga garin Ƙofa. Muna zuwa suna da biki daga Bebeji har Kiru, amma inda aka fi ganin girmanmu shi ne wajen maharban kudu, na bakin dajin Falgore. Ƙa'idarmu ita ce kayan kiɗa a zauren maigida suke zama. In damina ta faɗi kowa ya koma gonarsa, kaya suna rataye a can sai an yi kira.

Komo ba a sayensa a kasuwa. Haɗa shi ake yi, kuma abu yana bin abu. Da farko duma: ka zaɓe shi tun yana jikin yaɗo, ka bar shi ya ƙosa, ya bushe a kan rumbu, ka ƙwanƙwasa ka ji ya amsa maka, sannan ka yanka. Bayan duma sai gorar wuya, madaidaiciya, wadda ƙwaro bai taɓa ba. Bayan gora sai fata. A jiƙa ta da toka gashi ya fita, a kankare cikinta har babu ɗigon nama ko kitse, a ja ta a kan duma tana da danshi, a ɗaure, a bar ta ta bushe a inuwa. Tsarkiya ce ƙarshe, ita ma da fata ake murza ta. Wanda ya tsallake ɗaya daga cikin waɗannan bai yi komo ba.

Fatar da ke kan nawa ta gada ce, kuma ba sayenta na yi ba. Maharbi ba ya sayar wa makaɗi fata, ba shi yake yi. Wanda ya ba ka kuwa, takensa za ka fara kaɗawa duk inda kuka haɗu, ko da akwai wanda ya fi shi sarauta a wurin. Tawa wani tsohon maharbi ne ya ba ni, a wani ƙauye gaba da Doguwa. Da baka ya kashe gadar. Ya shimfiɗa fatar a cinyarsa ya nuna mini inda kibiya ta shiga. Da na zo rufe duma sai na daidaita hudar nan ta faɗa daidai inda ƙarshen gora yake leƙowa a ɗaura tsarkiya, ta zama bakin komo. Ranar da ya gani ya zura yatsa a ciki, ya yi murmushi ya ce, "Yaro, ka riƙe mini ita da kyau." Mutum ne mai ƙarancin magana. Daga ranar, in na taɓa takensa, yakan miƙe da bakansa ya yi kirari kamar saurayi, sauran maharba su bi bayansa.

Ɓarnar ta fara ne wata bazara da maigida ya je barikin kuza shi kaɗai. Ya dawo da tsohon keke da sabon surutu. Ya ji garmaho, akwatin waƙa mai faifai. Ya ga wani lebura mutumin kudu yana kaɗa jita mai tsarkiyar waya, ana jiyo shi tun daga bakin rami. Daga nan ba mu sake hutawa ba.

"Kayanmu ba su da ƙara," in ji shi. "Kai mai komo, naka ma sai an kasa kunne. Kuma da an yi ɗan yayyafi sai mu tsaya jiranka kana gasa fata a bakin wuta kamar mai tsire."

Na ce masa komo ba don kunne aka yi shi ba, a ƙirji ake jin sa. Ya ce ƙirji ba ya tafi. Na ɗauka magana ce ta wuce, na koma Ƙofa na kama noma.

Ana tsakiyar damina aka aiko. Tsohon maharbin nan zai aurar da ɗansa, maharba za su taru daga ko'ina, kuma ya ce mu yake so. Maigida ya karɓi goro. Na isa Yako da hantsi ranar da za mu tashi, na gaisa, na shiga zaure in sauko da komona.

Hancina ne ya fara sanar da ni. Sannan idona ya gani. An shafe dumana da koren fenti, an liƙa masa ƙananan madubai da ƙaro. An cire tsarkiyata an ɗaura waya irin wadda ake ɗinke buhun kuza da ita. A maimakon fatar gada kuma, ga wata ɗanyar fata an ja a kai, da gashinta baƙi a gefe-gefe, da kitse yana naso ta ƙasan ɗauri. Ƙudaje sun riga sun san da ita.

Taubashina yana tsugune a bakin ƙofa yana cin gyaɗa. Ya ce, "Ango, an yi wa amaryarka lalle. Ba ka gode ba?"

Ban kula shi ba. Na fita na sami maigida yana ɗaura buhun guzuri a keke.

"Maigida, wa ya taɓa mini komo?"

"Ni na sa aka gyara. Ka ga yadda yake walƙiya? Fatar bunsuru ce, ta fi kauri, mahauci ya ce ba ta saki da ruwa. Jiya-jiyan nan aka feɗe, sabuwa dal."

"An jiƙa ta da toka? An kankare?"

"Ina lokacin wannan? Za ta bushe a hanya."

"A damina?"

"Kai dai ka cika ƙa'ida. Shi ya sa ba ka ƙiba."

Na ce, "To ina fatata? A ba ni in jiƙa in mayar."

Sai ya daki sirdin keken da tafin hannu, yana fara'a kamar ya yi abin yabo. Sirdin ya yage tun a bariki. Ya yanke gefen fatar gadar, ya lulluɓe sirdin da ita, ya ɗinke ta ƙasa da igiya. Hudar kibiyar tana nan a bayan sirdi, daidai inda mutum yake ɗora nauyinsa.

"Tsohuwar fata ce," in ji shi. "Da yar da ita za a yi. Ka ga na yi mata amfani."

Na tsaya ina kallon sirdin. Ko da an ɓalle ta a lokacin, ba za ta ƙara rufe duma ba, ya rage mata faɗi. Ƙin tafiya kuwa ba ya cikin lissafi. An karɓi goro, kuma tsohon da bakinsa ya ce mai komo ya zo. Na rataya abin a kafaɗa muka kama hanya, maigida a gaba a kan fatata, mu a baya a ƙasa.

Ba zan manta tafiyar nan ba, ko da yake na so. Ranar farko wari ne kawai, irin na bunsuru da kowa ya sani. Washegari ruwa ya dake mu, rana ta fito ta dafa abin, warin ya sauya ya koma na mushe. Fentin bai gama bushewa ba, ya rine mini bayan riga. Wayar kuma tana jan gora, wuyan komo ya fara lanƙwashewa. A Tudun Wada muka tsaya shan fura, Bafulatanar ta zuba mana, sannan ta ɗauki ƙwaryarta ta koma gindin wata bishiyar.

Taubashina ya ce, "Ka gani? Ko'ina muka je ana ba mu wuri. Girma ya zo."

"Rufe mini baki."

"Ni na rufe. Hanci ne ya ƙi rufuwa."

Kafin mu fita daga daji na ji wani abu yana motsi a wuyana. Na sauke komo na ɗaga gefen fatar da tsinke. Tsutsa ce, fara, tana ta kai da kawo a cikin kitsen. Na karkaɗe abin da zan iya, na cusa toka da muka roƙa a wata ruga. Na nuna wa maigida. Ya leƙa daga nesa ya ce in an fara kiɗa girgiza za ta zubar da su.

Mun isa ƙauyen da azahar, ranar taron. Fili ya cika. Maharba sun zauna a jere da rigunansu na layu, bakuna da bindigogin adaka a jingine, karnukansu a kwance a gabansu. Tsohon yana tsakiya a kan buzu. Muka durƙusa muka gaishe shi. Maigida kuwa bai yarda ya bar kekensa a baya ba. Ya turo shi har cikin fili, ya jingine shi a jikin rumfa inda kowa zai gani.

Na zauna, na ɗora komo a cinya, na ɗauko ɗan ƙirgin da nake kaɗawa da shi. Bisa ƙa'ida ni zan buɗe, da taken tsohon. Na taɓa babbar tsarkiya. Abin da ya fito ba muryar komo ba ce. Wata ƙara ce siririya, kamar an ja cokali a gindin tasa, fatar kuma ta jiƙe ba ta amsa komai. Na sake taɓawa da ƙarfi. Madubi ɗaya ya ɓalle ya faɗi.

Mutane ba su motsa ba. Karnuka ne suka motsa. Wani ja ya fara tasowa yana shinshina, sauran suka biyo shi, kafin in kai tsakiyar take sun zagaye ni. Ɗaya ya sa harshe yana lasar gefen duma, wani ya kama gashin fatar yana ja. Ina kaɗawa da hannu, ina korarsu da gwiwa. Matan da ke leƙe ta kan danga suka fashe da dariya. Maigida ya ɗaga murya ya shiga waƙa don ya rufe abin, taubashina yana kaɗa gora yana kau da fuska.

Tsohon bai miƙe ba. Ya bari na kai ƙarshen takensa yana zaune, abin da bai taɓa yi ba. Sannan ya tsawata wa karnukan, suka koma. Ya yafito ni da hannu. Na matsa na durƙusa, na bar komon a baya don kada in kai masa warin.

"Wannan bunsuru ne," in ji shi.

"Shi ne, Baba."

"Ni ban taɓa harbin bunsuru ba. Ina wadda na ba ka?"

Maigida ya yi caraf ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ta tsufa ne, muka ga ya kamata a zo maka da sabon abu irin na zamani."

"Ba kai na tambaya ba."

Idona ne ya tafi wajen rumfa, nasa ya bi shi. Ya tashi a hankali, ya taka har gaban keken. Ya duba sirdin. Tafiya ta sa fatar ta yi baƙi da gumi, ta yi sulɓi. Ya zura yatsa a hudar kibiyar, kamar yadda ya yi ranar farko, ya daɗe bai cire ba. Sannan ya goge yatsan a rigarsa.

"A ba baƙi abinci," ya ce wa ɗansa. "Sun sha hanya. In sun ci a raka su."

Wani ƙanensa ya aika aka kira masu ganga daga ƙauyen gaba, biki ya ci gaba. An kawo mana tuwo da naman daji a bayan gida, nesa da fili. Maigida ya ci har ya suɗe kwano, yana cewa mutanen daji ba su san ci gaba ba, a bariki da an yi mana tafi. Ni ban iya sa hannu ba. Warin yana cikin farcena.

Da suka gama, na zaro wuƙata na je na yanke igiyar sirdin, na ɓalle fatar na naɗe ta a aljihu.

"Kai! A kan ƙarfe zan zauna har Yako?"

"Zauna a kan abin da ka ga dama, Maigida. Daga yau ka nemi mai komo."

Na yanke wayar na yar. Fatar bunsurun na jefa wa karnuka, suka yi ta faɗa a kanta. Dumana kaɗai na ɗauko zuwa Ƙofa. Na wanke shi da toka, na shanya, na turara shi da hayaƙi, amma kitsen ya riga ya shiga jikinsa. Daga ƙarshe na ajiye shi a bayan ɗaki, kaza ta samu wurin ƙwai.

Da kaka ta yi na sayi goro na koma wajen tsohon ni kaɗai. Ya karɓe ni, ya sa aka kawo ruwa, ya tambayi gero da mutanen gida. Na faɗa masa yadda aka yi, daga farko har ƙarshe, ban rage ba ban ƙara ba. Ya saurara. Ya ce ya ji, kuma ya san ba hannuna ba ne. A bayansa akwai fatun gada a rataye sun bushe, ina ganinsu, shi ma ya san ina ganinsu. Muka yi sallama, ya raka ni bakin zaure, ya koma ciki.

Na haɗa wani komon da fatar akuya, na bi ƙa'ida ɗaya bayan ɗaya, kuma a ɗakina yake kwana. Na yi shekaru ina kaɗa shi a suna da biki tare da wani mai garaya na Bebeji. Muryarsa ba laifi. Amma maharban kudu ba su sake aiko mini ba, kuma ban ƙara taɓa taken tsohon ba, ko ni kaɗai a ɗaki. Fatar gadar tana nan cikin adakar kayana. Na jiƙa ta, na miƙar, na danne da dutse, har yau siffar sirdi ba ta fita daga jikinta ba.