Hoton kaina ya fito fes, ni kuwa ban warke ba

Salamu alaikum. Wata goma sha ɗaya ke nan ban ce muku uffan ba a nan. Masu cewa Buba mahauci ya bar Ngong, ban je ko'ina ba, ina ɗaki.

Abin ya fara da rashin cin abinci. Ni da nake tashi da tukunya ni kaɗai. Daga nan magana ta yi mini nauyi. Sai in tsaya a mayanka da wuƙa a hannu, in manta me na zo yi.

Ranar da na ga matata Dudu ta kwashe wuƙaƙena ta kai gidan yayana Sale, na gane abin da take tsoro. Ba ta yi kuskure ba.

Mu mahauta mun san tunkiya mai juwa, wadda take ta zagaye a wuri ɗaya. In ka fasa kanta sai ka tarar da 'yar jakar ruwa a ƙwaƙwalwa. Na fasa irinsu ba adadi. Sai na sa a raina ni ma ita ce a kaina, a cire in huta.

Na sayar da sa, muka tafi Garwa aka yi mini IRM, hoton ƙwaƙwalwa. Aka tura ni cikin wani rami mai ƙara, aka ce kar in motsa. Wallahi kabari na tuna.

Hoto ya fito, babu komai. Wani zai yi murna, ni kuka na yi.

Yaya Sale ya ce, "To ka gani, lafiyarka lau. Tashi ka koma kasuwa."

Haka aka ce wa babanmu. Shekara biyu yana zaune a zaure ba ya magana, ana cewa lalaci ne, har muka binne shi. Na ajiye ordonans, takardar maganin da likita ta rubuta mini, ban sayi magani ba.

Dudu ce ta ja ni muka koma wajen likita. Likitar ta ɗora hoton ta ce, "Malam Buba, ciwon damuwa ne. Masu bincike sun gwada hotunan mutane da yawa, sun ga wajen da ke riƙe tunani da jin rai yakan ɗan bambanta. Amma a hoton mutum ɗaya ba a gani. Hotonka ya ce ba ƙari, bai ce ƙarya kake ba."

Wannan maganar ce ta fara yi mini magani. Na sha ƙwaya mako shida kafin in ji ɗanɗanon shayi. Har yau ina sha, ina zuwa randebu, ganin likita, duk wata.

Alhamdu lillahi. Useko, na gode, Dudu. Yaya Sale, na yafe, kai ma ba ka sani ba.

Shawarata: in naku ya yi shiru, ku kai shi lopital, wato asibiti. In hoto ya fito fes, kar ku ce ya warke, kar ya bar magani sai likita ya ce.

Na koma mayanka, an dawo mini da wuƙaƙena. Amma duk kan da na fasa na ga ƙwaƙwalwa fara tas, sai hannuna ya tsaya. Baba nake tunawa. Ni ma ina cikin masu ce masa ya tashi.