Kwalin da Auta Ya Jefar

Mai Hoto ya fara sana'arsa tun ana wanke fim a ɗakin duhu, har yau akwai tabon sinadari a yatsunsa. Da zamani ya juya shi ma ya bi, ya sayi kwamfuta, ya koyi haɗa bidiyo da yatsa ɗaya. Mutum ne mai sanyin hali, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Abu ɗaya ne ke cin ransa, shi ne Auta, ƙaninsa. Shi ya rene shi, shi ya koya masa riƙon kyamara, ga shi yanzu ya buɗe nasa shagon a tsallaken titi, ƙofa na kallon ƙofa.

Ba faɗa suke yi ba. Kullum da safe Auta zai tsallako ya rusuna ya gaishe shi. Amma duk wanda ya shiga wancan shagon, sai Mai Hoto ya ɗaga labule ya ga ko tsohon mai kawo masa aiki ne.

Shekara da shekaru shi ke haɗa bidiyon yaye ɗalibai na makarantar bayan layi. Bana hedimasta ya zo duba aikin, ya tarar da kwamfuta na nishi, hoto ya yi gaba ya cije. Ya yi dariya ya ce ya ji labarin ta Auta kafin ka kurɓi ruwa ta gama. Ranar taron iyaye yake son aikin, in ba zai samu ba a faɗa masa ya tsallaka, ai duk gida ne.

Wannan "duk gida ne" ta tsaya wa Mai Hoto a maƙogwaro.

Ya san sirrin Auta. Katin hoto ne sabo ya saka, wato abin da ke sa bidiyo gudu a cikin kwamfuta, kwalinsa ma yana nan a kwandon shara. Ya jira Auta ya fita cin abinci, ya tsallaka kamar mai miƙe ƙafa, ya cusa kwalin a ƙarƙashin riga. Washegari ya dire shi gaban mai sayar da kayan kwamfuta, ya ce irin wannan yake so.

Mai kayan ya tambaye shi wane irin madabod ne a kwamfutarsa, babban farantin nan da komai ke hawa kansa. Ya ce ba kowane faranti ke karɓar kowane kati ba, sai an duba shekarunsa, da tsawon akwati, da ƙarfin wuta. Ya ce ya koma ya ɗauko masa hoton cikin kwamfutar kawai. Mutumin da ya tsufa yana ɗaukar hoto, wannan ai ba aiki ba ne. Amma akwai abokin Auta a zaune kan benci yana sauraro.

"Irin ta Auta ce sak," in ji Mai Hoto. "Tare muka saya."

A shago ya tura ƙofa rabi, ya kwance murfin. Tsohon katin ya ƙi fita, don bai san akwai ɗan makulli a gindinsa ba. Ya finciko shi, bakin katin ya tsage. Sabon kuwa ya fi akwatin tsawo, sai da ya cire ƙarfen da ke riƙe da ma'ajiyar aiki kafin ya zauna. Katin yana neman wata wayar wuta mai baki da yawa, ya lalube cikin akwatin kaf babu irinta. Ya ce wataƙila ado ce, ya kunna. Fanka ta juya, allo baƙi ƙirin. Bidiyon hedimasta na ciki, babu hanyar ganinsa.

Haka matarsa ta same shi da ta kawo abincin rana, sukundireba a hannu, gumi har gemu. Ta kalli allon, ta kalle shi, ta ajiye kwano. Ya ce kada ta kuskura. Kafin ya rufe baki ta tsallaka titi.

Auta ya durƙusa, ya haska fitilar waya, ya karanto lambar da ke jikin farantin, ya bincika a wayarsa. Ya ce farantin ya tsufa da yawa, ko an samo wayar wutar ba zai gane wannan katin ba. Idonsa ya faɗa kan kwalaye biyu iri ɗaya a ƙarƙashin tebur, ɗaya da ƙurar shara. Ya kau da kai. Da zagi ya yi, da ya fi wa Mai Hoto sauƙi.

"Yaya, katin da na cire yana nan. Shi zai hau."

"Kwancenka zan saka?"

"Ai ni ma kwancen kyamararka na fara da ita."

Kwancen ya zauna daram, allo ya kawo, ya ma fi na da gudu. Hedimasta ya karɓi aikinsa kan lokaci, bai tsallaka ba. Sabon katin kuwa mai kaya ya ce an buɗe, ba ya dawowa. Auta ya roƙi aronsa don kada ya yi ƙura, ya saka a kwamfutarsa ta biyu. Yanzu guda biyu ke gudu a wancan shagon.

Har yau Mai Hoto na ɗaga labule. In wani ya yabi saurin aikin Auta a gabansa, sai ya gyara zama, ya nuna tsallaken titi da haɓa.

"Katina ne ke aiki a can. Aro na ba shi, kuma zan karɓa."